Ciyar da kifi da abin da ke garke: darasi ga makiyayi mai garka

 Darasinmu na wannan karo a kan kifi yake. Wani zai ce mene ne haɗin makiyayi da kifi? Haɗin shi ne abincin kifi yana hannunku: kashin shanu da na tumaki, dussa, tunkuza, ganyen zogale, jinin mahauta. Kuma ruwan da kifi ke ciki sau da yawa shi ne bisashenku ke sha. In an iya aikin, gida ya samu nama da kuɗi. In an yi shi da ka, a kashe kifi, a ɓata ruwa, wani lokaci har a rasa saniya.

1. Ruwa iri biyu, aiki iri biyu

A jihar Tawa kifi ba baƙo ba ne. Tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi, waɗanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2005, suna ba da gargaza (wasu na cewa karfasa), da tarwaɗa, da giwan ruwa. Furojen Keita, da aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, ya bar madatsun ruwa a ƙorammu da dama na Adar. A fadamar Tarka kuwa ruwa yana kusa, masu albasa na da rijiya da injin ban ruwa.

To, a rarrabe. Akwai tabki ko madatsa ta jama'a, inda kowa ke shayarwa. Akwai kuma ramin kifi na mutum ɗaya ko na ƙungiya, wanda aka haƙa a garka aka kewaye da shinge.

Tabkin jama'a ba a zuba mashi taki, ba a zuba mashi dussa. Kashin da bisashe ke bari a bakin ruwa, da wanda ruwan sama ke kwasowa daga tudu, ya wadatar da shi. Kuma dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar wa makiyayi hanyarsa zuwa irin wannan ruwa, babu mai toshe burtali don ya zuba kifi. Duk awon da za mu bayar nan gaba na ramin garka ne. Kafin ka haƙa, ka gana da ma'aikatan gandun daji, su ke kula da sha'anin kifi. In filin yana kusa da burtali ko mashaya, ka bi ta kwamitin filaye na garinku.

2. Me kifi ke ci?

Gargaza tana rayuwa da ƙananan tsirrai da ƙwari na cikin ruwa, waɗanda ido ba ya gani ɗaya ɗaya. Su ke mayar da ruwa kore. Tana kuma kiwo a ƙasan rami, tana tsintar ruɓaɓɓen ganye. Tarwaɗa ita mai son nama ce: tsutsa, ƙwari, talibambam, ƙananan kifi. Giwan ruwa mafi yawan abincinsa kifi ɗan uwansa ne, don haka ba na ƙaramin rami ba ne.

Ga wani misali daga nesa. A bakin teku a ƙasar Sin, da kudu maso yammacin Madagaska wajen garin Tuleyar, ana kiwon wata halitta mai siffar kokwamba, ana ce mata kokwamban teku. Ba ta farauta. Kwance take a ƙasa tana haɗiyar laka da yashi, cikinta ya tace ruɓaɓɓen abu da ƙwayoyin da ke ciki, ta fitar da yashin. Masu kiwonta a Sin, in za su haɗa mata abinci, sai su niƙa ciyawar teku su cuɗa da lakar teku, don abincin ya yi kama da wanda ta saba. Wannan halitta sai ruwan gishiri na teku, ba za ta rayu a namu ba, ko da mai kanwa ne. Amma darasinta namu ne: abin da ke cikin ruwa, ruwan da ƙasarsa ne makiyayarsa. Wanda ya gyara makiyaya ya yi rabin aiki. Dussa ƙari ce, kamar yadda kake ƙara wa saniyar tatsa da yamma bayan ta dawo daga daji.

3. Takin rami

Mu ɗauki rami mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, zurfin ruwa mita ɗaya. Irin wannan yana ɗaukar ƴaƴan gargaza 200, wato biyu a kowane murabba'in mita.

Kowane sati ka zuba ɗaya daga cikin waɗannan:

- kashin shanu: kilo 10
- kashin tumaki ko awaki: kilo 5 zuwa 6
- kashin kaji ko zabi: kilo 2 zuwa 3

Na kaji ya fi zafi, shi ya sa awonsa ya fi ƙanƙanta. Kar ka watsa takin ko'ina. Ka kafa ƴan sanduna a kusurwa ɗaya ta ramin, inda ruwa ba zurfi, ka zuba shi ciki, ka riƙa motsa shi da sanda duk kwana biyu. Ko ka ɗura shi a buhu ka ɗaure ka saka cikin ruwa. Ka fara wannan sati biyu kafin zuwan ƴaƴan kifi, su tarar da abinci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta yaya za ka san takin ya isa? Hannunka ne ma'auni. Da hantsi ka tsoma hannu cikin ruwa a hankali, kana duban yatsunka:

- In yatsu sun ɓace lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, kuma ruwan kore ne, to daidai ne. Ka ci gaba da awonka.
- In ka wuce gwiwar hannu kana ganin yatsu sarai, ruwan yunwa yake ji. Ka ƙara taki kaɗan.
- In yatsu sun ɓace tun ruwa na wuyan hannu, taki ya yi yawa. Ka dakata sati ɗaya ko biyu, ka ƙara sabon ruwa.

A kula: ruwa ja ko mai launin ƙasa ba ruwa mai abinci ba ne. Wannan laka ce, irin ta ƙorammun Adar, kuma tana hana hasken rana shiga, tsirran ba su tsirowa. Maganinta shi ne ɗaga bakin rami don ruwan gangare kar ya shiga, da hana bisashe taka ciki.

4. Abincin ƙari

Abin da ke gina naman kifi shi ne furotin, sinadarin nan na gina jiki. Gargaza mai girma tana son abinci mai furotin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Tarwaɗa tana son 35 zuwa 40. Ga abin da muke da shi kusa, da kimanin ƙarfin kowane:

- dussar hatsi, ta dawa ko ta shinkafa: kashi 10 zuwa 14
- dussar alkama: kashi 15 zuwa 16
- wake: kashi 22 zuwa 24
- busasshen ganyen zogale: kusan kashi 25
- tunkuzar gyaɗa: kashi 40 zuwa 45
- garin busasshen kifi: kashi 50 zuwa 60
- busasshen jini: kusan kashi 80

Kun ga dussa ita kaɗai ba ta kai abin da ake so ba. Tana cika ciki, ba ta gina jiki sosai. Sai an haɗa.

Haɗin gargaza, kilo 10:

- dussa kilo 6
- tunkuza kilo 3
- garin jini rabin kilo
- garin zogale rabin kilo

Wannan yana ba da furotin kusan kashi 25. A ruwa kore ya isa.

Haɗin tarwaɗa, kilo 10:

- dussa kilo 4
- tunkuza kilo 3 da rabi
- garin kifi kilo 1 da rabi
- garin jini kilo 1

Wannan yana ba da kusan kashi 36.

Yadda ake yi: a daka komai ya yi laushi, a tankaɗe, a cuɗa tun yana busasshe. A dama ɗan kunun garin rogo, a zuba a kwaɓa har ya kama jiki. A tura shi ta injin niƙa nama ko ta gwangwani mai huji, ya fito kamar taliya, a shanya, a kakkarya daidai bakin kifi. Amfanin wannan wahala: garin da aka watsa haka nan iska ke kwashe wani, ruwa ya narkar da wani, kifi ya samu saura.

Jini: a karɓo shi daga mahauta inda ma'aikacin kiwo ya duba dabbar. A tafasa shi har ya daskare, a matse, a shanya a kan kwano ya bushe ƙarau, a daka. Kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin, kifi ba ya son shi da yawa.

Wake: a soya shi sama sama ko a dafa kafin a niƙa. Ɗanye yana hana narkewar abinci.

Tunkuzar auduga: saniya da rago suna jure ta saboda tumbinsu. Kifi ba shi da tumbi, kuma akwai wani guba kaɗan a cikinta. In dole ne, kar ta wuce kilo 1 da rabi cikin kilo 10.

Akwai kuma abincin da ba a saye. Gara: a cika tukunya da busasshen kashin shanu da karan hatsi, a yayyafa ruwa, a kifa ta kusa da shuri, da safe a kwashe, yadda mata ke yi wa ƴan zabi. Tsutsa: a tara abin da ke cikin tumbin dabbar da aka yanka a inuwa nesa da gida, bayan kwana huɗu ko biyar a tace tsutsar a wanke. Fara, in ba wadda aka yi wa feshi ba ce. Ganyen salati, na kabeji da na dankali, a yayyanka wa gargaza.

5. Nawa za a ba su?

Awon abinci yana bin nauyin kifin da ke cikin rami. Ƙarami yana cin kashi mafi yawa na nauyinsa, babba yana cin kaɗan. Ga lissafin kifi 200:

- kowane giram 20: duka kilo 4, a ba da kashi 5 cikin 100, wato giram 200 a rana
- kowane giram 50: duka kilo 10, kashi 4, giram 400 a rana
- kowane giram 100: duka kilo 20, kashi 3, giram 600 a rana
- kowane giram 200: duka kilo 40, kashi 2, giram 800 a rana

Duk sati biyu ka kama kifi 20 da safe, ka auna su tare cikin bokiti mai ruwa, ka cire nauyin bokiti da ruwan, ka raba 20. Ka samu nauyin ɗaya ke nan. Ka mayar da su nan take.

Ba kowa ke da sikeli ba. Ka ɗauki gwangwani guda ka je wurin mai sikeli a kasuwa, a auna maka abin da yake ɗauka na haɗinka, ka riƙe shi ma'auni. Kar ka yi lissafi da tiyar hatsi, tiyar dussa ba ta kai ta nauyi ba.

Ka raba abincin rana biyu: rabi da hantsi wajen ƙarfe 9 zuwa 10, rabi da la'asar. Wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum. Kifi yana sabo kamar akuya. Ka tsaya ka duba. Abin da bai ƙare ba cikin minti 15 zuwa 20 ya yi yawa, gobe ka rage. Abincin da ya kwanta a ƙasa ruɓa yake yi, ya cinye iskar ruwa. Asara biyu ke nan.

6. Ɗari da bazara

Jikin kifi yana bin zafin ruwa. Gargaza ta fi ci da girma in ruwa yana digiri 27 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20 cinta yana raguwa ƙwarai, wajen 16 ta daina. Saboda haka a Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, ka rage abinci zuwa rabi ko ƙasa da haka, ka ba su sau ɗaya da azahar lokacin da ruwa ya yi ɗumi. Takin ma a rage.

A Afrilu da Mayu matsalar ita ce iska. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma tsirran da ke ba da ita da rana su ma shaƙar ta suke da dare. Da asuba ne take ƙarewa. In ka zo bayan salla ka tarar gargaza sun taso sama suna buɗe baki, kar ka zuba abinci, kar ka zuba taki. Ka tayar da injin, ka ɗaga tiyo sama ruwan ya riƙa faɗowa yana fantsama. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, ita ta fi jurewa, don haka kar lafiyarta ta ruɗe ka.

Haka kuma a bazara rana tana shan kusan santimita ɗaya na ruwa kowace rana. A raminmu lita 1000 ke nan, tano biyar. Wanda ba shi da wannan ruwa ba tare da ya rage na bisashensa ba, ya tsara kiwonsa daga Yuli zuwa Disamba, ya kwashe kifinsa kafin rani ya yi nisa. Ruwan da ka fitar daga rami kuwa kar ya tafi banza, taki ne ga albasa da zogale.

7. Abubuwan da ba a yi

Nan ne aikin likitan bisashe ya shigo. A riƙe waɗannan da kyau.

a) Ba a jefa wa tarwaɗa mushe. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya tana iya zama ciwon saifa ne, kuma ƙwayarsa tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa. Ka sa ta a ruwa, ka shuka cutar a garkarka. Kada a feɗe ta, a kira ma'aikacin kiwo, a binne ta da zurfi. Haka matattun kaji da zabi. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasarmu ta Magariya a 2006, kuma kashin kaji marasa lafiya shi ma yana ɗauke da ita.

b) Maganin kaska da na feshin garka guba ne ga kifi, ɗan kaɗan yana kashe rami guda. Kar a wanke famfon feshi ko bokitin magani kusa da rami ko tabki. Dabbar da aka yi wa wankan kaska kar ta shiga ruwa.

c) Dabbar da aka yi wa allurar ibarmektin, maganin yana fita ta kashinta, yana kashe ƙananan ƙwarin da kifi ke ci. Kashin irin wannan dabba a kai shi gona, kar ya shiga rami sai bayan wata guda.

d) Tunkuza ko dussar da ta yi funfuna ba ta kifi ba ce, ba ta rago ba ce. Gubarta tana cin hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ka haɗa abincin sati biyu kawai, ka aje shi a kan katako, wuri busasshe.

e) Bisashe ba su sha a ramin kifi. In ka ga wani kore mai kauri kamar fenti ya taru a gefen da iska ke kaɗawa, yana wari, wannan irin yana iya kashe saniya ko tunkiya cikin awoyi kaɗan. Ko a tabkin jama'a ka gan shi, ka kai garkenka wani gefe, ka sanar.

f) A riƙa cire ciyawar bakin rami. Nan katantanwa ke zama, su ke yaɗa tsutsar hanta ga shanu da tumaki, da tsargiya ga yara. Yara kar su yi wanka ciki, kuma shinge ya zama mai ƙarfi saboda ƙanana.

g) Ba a sa bayan gidan mutum a ramin kifi.

8. Lissafin riba

In an bi wannan tsari wata shida, raminmu zai ci haɗi kilo 80 zuwa 90, ya ba da kifi wajen kilo 30. Wato kusan kilo uku na abincin gida a kan kilo ɗaya na kifi. Abincin kanti mai yawo a saman ruwa ya fi wannan, kilo ɗaya da rabi yana iya ba da kilo ɗaya, amma da tsada. Kafin ka fara, ka tambayi kuɗin dussa da tunkuza da na kifi a kasuwarku, ka buga lissafi. Ka kuma tuna dussar nan akwai masu jiran ta: akuyar tatsa da ragon layya. A shekarar da abincin bisashe ya yi wuya, su ne gaba. Kifi ya zauna da ruwa kore, zai girma a hankali amma ba zai mutu ba.

Abu ɗaya ke ɓata wannan lissafi: haihuwar gargaza. Tun tana ƙarama take fara zuba ƴaƴa, rami ya cika, abincin 200 ya koma na dubu, babu mai girma. In ka samu ƴaƴa maza zalla, su ne mafi kyau, sun fi mata saurin girma. In ba ka samu ba, bayan wata biyu ka saka tarwaɗa 10 zuwa 20 waɗanda ba su fi gargazarka girma ba, su riƙa rage ƴaƴan.

Tambayoyi don zaman ƙungiya

1. Me ya sa ba a zuba taki a tabkin jama'a?
2. Ka tsoma hannu, yatsu sun ɓace a wuyan hannu. Me za ka yi?
3. Kifi 300, kowane giram 50. Giram nawa na abinci a rana?
4. Wane kashi ne ba a sakawa a rami, kuma don me?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai neman ƙarin bayani ya zo ofishin kiwo na Madawa, Buza ko Keita, ko ya tari ma'aikacinmu ranar kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu.